Ƙwan Zabi da Adireshin Komawa

Duk shekara idan ɗalibai suka zo shagona koyon aiki, maganarsu ta farko kusan ɗaya ce. Su dubi teburina, su dubi ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu jere kamar na shanshani, wanda masu gyara ke kira ayisi, sai wani ya ce, "Anti, ai wannan ba wuya. A intanet ake kwafo furogiram, a zuba masa, shi ke nan." Ba na musu da su. Nakan ɗora wa mai maganar ayisin a tafin hannu, in ce ya nuna mini inda lambar zafin inji take kwana a cikinsa. Yawanci dariya suke yi. Saboda su na zauna rubuta wannan, don a baki ba ni da doguwar magana.

Shagon yana kan wani layi a Ƙofar Kaura, tsakanin mai facin taya da wani ɗaki da ya daɗe da kwaɗo a ƙofarsa. Malam Sada ne ya kafa shi, bayan ya yi shekaru yana koyar da aikin lantarki ya ajiye alli. Shi ba gyaran rediyo ko waya yake yi ba. Ƙananan alluna yake haɗawa masu sarrafa wasu injuna, na famfon burtsatse, na inbata mai ba da wuta daga batir, na ƙararrawar makaranta, ya kuma rubuta musu umarnin da za su bi. Na zo wurinsa da takardar digirina a jaka, ban ko fito da ita ba, don bai tambaya ba. Kujera ya nuna mini, da ƙarfen narka dalma, da hantsaki, da mita mai tsagaggen gilashi, da wata tsohuwar kwamfuta da murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da gwangwanin madara.

Aikina na farko allon famfon wani Alhaji ne mai gidajen haya. Tankinsa ya cika ya yi ta zuba, famfo bai tsaya ba. Na buɗe furogiram ɗin, wato jerin umarnin da ke cikin ayisin allon, ina bin sa layi-layi. Malam ya leƙo ta kafaɗata.

"Mi kike nema, Hindatu?"

"Inda aka rubuta tanki, Malam."

"Shi bai san tanki ba. Ke kika san tanki."

A unguwarmu ta Gobarau ba mai neman gida da lamba. Ce maka za a yi ka bi lungun mai ƙosai, ka wuce dakalin da tsofaffi ke zama, ga gidan can mai ƙyauren ƙarfe. Ayisi baƙo ne da ba ya jin irin wannan kwatance. Ma'adanarsa dogon layi ne na ƙananan ɗakuna, kowanne da lamba a ƙofarsa, kowanne kuma lamba ɗaya tak yake iya ɗauka a ciki. Ta ƙofa ita ce adireshi, ta ciki ita ce ajiya. Zafi, tsayin ruwa, ƙarfe nawa, duk lambobi ne zaune a ɗakunansu, kuma shi bai san wacce ce ruwa wacce ce lokaci ba. Inda aka aike shi nan yake zuwa. A allon Alhajin, wanda ya taɓa shi kafin mu ya sa ana ajiye tsayin ruwa a ɗaki ɗaya, ana zuwa dubawa a na kusa da shi. Kullum ayisi ya leƙa ɗakin da ba kowa, ya dawo ya ce tanki bai cika ba.

A kan ƙararrawar wata makarantar firamare na koyi tari. Ayisi umarni yake karantawa ɗaya bayan ɗaya, da wata 'yar alama a cikinsa da ke nuna layin da yake kai, kamar tsinken da ake bin karatu da shi. To amma aiki ba ya tafiya a miƙe. Yana tsakiyar ƙirga lokaci sai buƙatar nuna awa a gilashi ta taso, umarnin nuna awa kuwa yana can wani wuri daban, an rubuta shi sau ɗaya don a yi ta komawa gare shi. Kafin ya tafi can, sai ya ɗauki adireshin layin da zai dawo ya ajiye. In ya isa can wani aikin ya sake kiransa, ya ƙara ajiye wani adireshin a kan na farko. Wurin ajiyar nan sitak muke ce masa a makaranta. Malam tari yake cewa, ya kwatanta mini shi da jeren kwanukan tsofaffin mata, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Idan ayisi ya gama abin da ya je yi, ba ya tuna daga ina ya fito. Hannu kawai yake miƙawa bakin tarin, ya ɗauki adireshin da ya tarar, ya nufi can da cikakkiyar yarda. Na daɗe ina tunanin wannan a kan hanyata ta komawa gida da yamma, abu mai tafiya ko'ina, wanda bai san hanyar gida ba sai wadda ya ajiye wa kansa.

Tarin nan ba shi da ɗakin kansa daban. A cikin layin ɗakunan nan yake zaune, daga can ƙarshen layi, yana tahowa baya duk lokacin da aka ƙara masa, yana ja da baya idan aka rage. Su kuwa ajiye-ajiyenmu daga farkon layi suke farawa. Tsakaninsu fili ne kawai. A ƙananan ayisi irin namu ba katanga, ba mai gadi. In tari ya yi tsawo har ya iso ɗakin da kika ajiye abinki, kansa zai bi ya rubuta nasa, ba tare da ya san ya yi ɓarna ba.

Akwai kuma abin da Malam ke kira sallama. Ayisi yana cikin aikinsa sai a danna madanni daga waje. Nan take zai dakata, ya ajiye adireshin inda ya tsaya a kan tari, haɗe da duk abin da ke hannunsa, ya je ya amsa, sannan ya dawo ya ci gaba kamar ba a taɓa kiransa ba. Ya dace Malam ya zaɓi wannan suna, don shi ma haka yake amsa sallama. Mutum ya shigo ya fara, "Malam ina kwana, ina gajiya, ya iyali," shi kuwa ya ce, "Lahiya. Mi ya samu injin?" Wasu Alhazan haushi suke ji, har akwai wanda ya ce mini a waje, "Ubangidan nan naki gaisuwarsa kamar mai tsoron ta ƙare." Ni dai na saba. Mukan wuni a shago ba mu haɗa jimla goma ba, amma akwai numfashin mutum a ɗakin, da ƙamshin dalmarsa, da gyaran muryar da yake yi kafin ya ce an yi kuskure.

Shekarar da ta fi kowacce wuya ta fara ne da bazara. Wata safiya na zo na tarar da shago a rufe. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam, hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Matarsa ta ba ni makulli a ƙofar gida. A shekarar ce kuma alluna haɗaɗɗu daga waje suka cika kasuwa, in ya lalace a jefar a sayi wani. Masu zuwa suka ragu. Waɗanda suka zo ma sai su tsaya a bakin ƙofa su leƙa bayana, su ce, "Ba kowa ne?" In ce ga ni. Su ce za su dawo in Malam ya samu sauƙi. Na riƙa share tebur sau biyu a rana. Da azahar in ci abincina ina sauraren injin iskan mai faci. Akwai wani ƙadangare mai guntuwar wutsiya da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure kusan lokaci ɗaya kullum, har na fara bar masa ƙwayoyin shinkafa.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba wata dattijuwa ta sauko daga keke napep da baƙar laima. Na san ta sama-sama. Mama Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, wadda aure ya kawo Katsina tun kafin a haife ni. Mijinta Baba Yohanna tsohon ma'aikacin gwamnati ne, suna zaune a wani ɗan gida can bayan GRA. Shekarun baya Malam ya haɗa musu injin ƙyanƙyasar ƙwai a cikin gangar jikin tsohon firji, da hita mai ɗumama ciki, da fanka, da tasar ruwa a ƙasa, da allonsa a sama. Da shi take fitar da 'yan tsaki take sayarwa.

Ta zauna a kujerar Malam, abin da ba wanda ya yi tun da ya kwanta. Ta gaishe ni tsaf, ta tambayi jikin Malam, ta tambayi mutanen gidanmu da ba ta sani ba. Sannan ta ce Baba Yohanna ya rasu kafin damina.

"Tun da ya tafi injin nan ya haukace, ɗiyata. Zubin ƙwai biyu na yi asara. Zan dawo daga kasuwa in tarar ya yi sanyi kamar randa, fitilarsa na ci, fanka na juyawa, hita kuwa ta mutu. In na kashe na kunna sai ya dawo daidai, kamar ba shi ba."

"Baba ne ke kula da shi da?"

"Ina! Ko buɗe shi bai iya ba. Matan cocinmu dai sun ce injin makoki yake yi." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin zane. "Ɗana Ishaya ya ce ba abin da ya rage mini a garin nan. In na ƙara zubi ya lalace, zai zo da mota ya kwashe ni zuwa Kafanchan. Na amsa masa, don na gaji da musu. Amma ni a nan na yi amarci, a nan na binne mijina. Can wa na sani? Ga shi zabi sun fara ƙwai, na riga na yi wa masu kawo mini daga ƙauye magana."

Na je na ciro allon tun injin ba komai a ciki, na kawo shago. Na haɗa masa hita da fanka a kan tebur, na bar shi yana aiki. Na auna duk abin da mita ke iya aunawa. Na ɗumama shi, na sanyaya shi, na ɗauke masa wuta na mayar. Akwai madanni ɗaya a gefensa, na kashe kukan da yake yi idan zafi ya sauka, shi ma na danna na saki ya fi a ƙirga. Kwana da kwanaki yana aiki lafiya lau, ni da shi da ƙadangare. Na mayar mata na ce ban ga komai ba. Wannan magana ce da mai gyara ba ya son faɗa, don ba ta nufin an warke.

Ta zuba ƙwan zabi, tire-tire, ƙanana masu ɗigo-ɗigo da kauri kamar tsakuwa. Su kusan wata guda suke yi kafin su fashe. Na roƙe ta abu ɗaya. In ya sake yi, kada ta kashe. Ta lulluɓe ƙwan da bargo ta kira ni.

Kiran ya zo wata la'asar, an kusa raba kwanakin biyu. Na ɗauki kwamfuta na tari mai mashin. Malam yana da ɗabi'a a duk allon da ya haɗa, yakan bar 'yar taga, wato wurin da za a soka waya a karanto abin da ke cikin ɗakunan ayisi yana tsakar aiki. Na soka, na nufi ɗakin da ake ajiye zafin da ake so injin ya riƙe. Shi ne na ƙarshe a jerin ajiye-ajiye, wanda ƙofarsa ke kallon filin da tari ke tahowa. Lambar da na tarar a ciki ba ta yi kama da zafin komai ba. Ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ayisi ya ga ɗaki ya riga ya wuce yadda ake so, ya kashe hita ya zauna yana jiran sanyin da ba zai taɓa isowa ba.

Na dubi ɗakunan da ke gaba da shi, filin da ya kamata ya zama wayam. A cike yake. Lambobi iri ɗaya, jere, suna maimaita kansu har ƙarshen layi, kamar sawun mutum ɗaya da ya yi ta shiga gida bai fita ba. Na koma furogiram ɗin Malam na neme su. Adireshi ne, na wani layi a cikin umarnin madannin nan na kashe kuka. Ashe tari ne ya taso tun daga ƙarshen layi, ya cinye fili, ya taka ɗakin zafi, sannan ya janye abinsa ya bar sawu.

Na kashe na kunna, hita ta kama. Na san me ya faru, amma ban san me ya jawo shi ba. Na danna madannin a gabanta, tari ya ɗan motsa ya koma. Na ce, "Mama, kina taɓa wannan?"

"Wani lokaci. In na buɗe na ƙara ruwa, zafi ya sauka, sai ya yi ta ihu har ya dawo. In ni kaɗai ce barinsa nake yi, ai ko ba komai ana jin motsi a gidan."

Daga ranar na daina buɗe shago da safe. Ba wanda zai lura. Sai in zo gidanta in zauna a kan tabarma kusa da injin, kwamfuta a cinya, ina kallon lamba ɗaya da ke nuna inda bakin tari yake. Tana ɗan sauka tana hawa kamar ƙirjin mai barci. Mama ta kawo mini kunun gyaɗa, ta zauna tana tsince wake tana ba ni labarin yadda layin nasu yake da, lokacin da ba gida sai gonakin gero. Injiniya take ce mini in tana son tsokana.

Wata safiya ta buɗe injin ta ƙara ruwa ta rufe, ya fara kukansa. Ba ta ko ajiye butar ba aka yi sallama a tsakar gida. Wata Hajiya ce, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta shigo tana jan ƙafa da mayafi har ƙasa. Mama ta yi saurin ɗora babban yatsanta a kan madanni, kuka ya ɗauke, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya wajen baƙuwa.

"Maraba, maraba! Hajiya ce da kanta?"

"Ina kwana, maman Ishaya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah."

"Ashe haka abu ya hwaru. Wallahi ina can Funtuwa wajen ɗiyata mai jego, sai shekaranjiya na ji. Na ce ko da rarrafe sai na zo."

Na dubi kwamfuta. Lambar ta fara gangarowa, kuma ba ta komawa. Na dubi yatsan Mama. Yana kan madannin, amma duk sanda ta gyaɗa kai, ko ta ɗan rusuna, ko ta ce amin, sai ya ɗan girgiza. Madannin ya tsufa, ƙarfen cikinsa ya saki. Kowace girgiza a wurin ayisi sabuwar sallama ce. Shi kuma Malam ya rubuta cewa in an danna, ayisi ya tsaya a bakin ƙofa har sai an ɗaga yatsa sosai kafin ya koma, ya kuma bar kunnensa a buɗe ga wata sallamar. To ga shi bai sallami na farko ba wani ya kira, ya ajiye adireshi ya je, bai sallami wannan ba wani ya kira. Kwano kan kwano.

"Ya yaran? Ya Ishaya, ya iyalinsa?"

"Duk suna lafiya."

"Marigayi mutumin kirki ne. Ranar da aka kai mai gidana asibiti, shi ya tuƙa mu cikin ruwan sama. Allah ya ba ku haƙurin rashi."

"Amin, Hajiya, amin."

Fili yana ƙarewa a idona. Kalma ɗaya zan faɗa ta ɗaga yatsa. Amma ta yaya zan katse tsohuwar da ta zo ta'aziyya da ciwon ƙafa, in sakar mata ihun inji a tsakiyar addu'a? Abin da ya hana Mama barin kukan shi ya hana ni magana. Hajiya ta juyo gare ni, na durƙusa na gaishe ta, ita ma ta bi ni da nawa, ya gida, ya iyaye, ɗiyar wa ce a Gobarau. Kafin in ɗago, ɗakin zafi ya tafi. Na ji hita ta yi ƙas ta mutu. Sai da suka shige falo na kashe injin na kunna.

Shekara da shekaru injin nan yana aiki, don baƙin Mama na da masu sayen 'yan tsaki ne, a tsaye suke ciniki su tafi. Rasuwa ce ta kawo masu doguwar gaisuwa. A shagona kuwa ko shekara allon zai yi ba abin da zai same shi.

Da na yi mata bayani bayan baƙuwar ta tafi, ta daɗe tana kallon yatsanta.

"Wato ni ce?"

"Ba ke ba ce, Mama. An gina shi ne daidai gaisuwar Malam Sada."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Gyaran bai kai gano matsalar wuya ba. Na sake rubuta umarnin madannin a kan sabon ayisi. Yanzu in an danna, alama kawai yake sawa ya koma nan take, kuka ya yi shiru na ɗan lokaci ko an ɗaga yatsa. Na kuma zuba wata lamba da na sani a ɗakunan da ke kan iyaka, na sa ayisi ya riƙa leƙa su, in ya ga an taka su ya sake ɗauko zafin daga ma'adanar da ba ta gogewa. Da tsakar rana muka yi canjin, lokacin da gari ya fi ɗumi. Mama ta lulluɓe ƙwan da bargo, ta jera gorunan ruwan ɗumi a gefe, ta tsaya tana addu'a ƙasa-ƙasa, ni kuma na ciro tsohon da hantsaki, na dasa sabo, na canza madanni. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne sanyin da ƙwan suka riga suka sha a waccan la'asar. Ba mitar da ke auna wannan.

Ranar da ya kamata su fashe ta zo ta wuce, shiru. Washegari Asabar Ishaya ya iso da motar ɗaukar kaya. Na tarar da shi yana ɗaure katifa da igiya, dogon mutum mai sanyin murya. Na ce masa ƙwan da ya sha sanyi yakan yi jinkiri.

"Anti, ba mugunta nake mata ba," in ji shi. "Ba maganar ƙwai ba ce ma. Ita kaɗai ce a gidan nan. Kin san yadda mutum ke wuni shi kaɗai?"

Mama ce ta amsa daga bakin murhu.

"Ni kaɗai? Baƙi sun yi mini yawa har sun lalata mini inji, ka ce ni kaɗai? Tambayi Injiniya. Kuma alkawari muka yi da kai, in ya lalace. Bai lalace ba tukuna, shiru ya yi."

Ya yarda zai jira su dawo daga coci gobe, daga nan sai hanya.

Lahadi da azahar wayata ta yi ƙara. Mama ce, ba ta ko gaishe ni ba, karo na farko tun da na san ta. "Zo ki ji," kawai ta ce. Na same su su biyu a durƙushe gaban tsohon firjin da kayan cocinsu, Ishaya ya manna kunne a jikin ƙofar. Na sa nawa. Can ciki, ƙarƙashin ƙugin fanka, akwai wani ɗan sauti siriri kamar ana murza sabon takalmi, sai wani ya amsa masa, sai wani. Ta gilashin da Malam ya huda a ƙofar na ga ƙwai ɗaya ya tsage, wani jiƙaƙƙen kai mai zane-zane yana turo ɓawo. Ba duka suka fito ba. Tiren sama, wanda ya fi shan sanyi, kusan rabinsa bai motsa ba. Amma kafin la'asar ƙasan injin ya cika da ƙafafu jajaye. Ishaya ya fita, muka ji yana kwance igiyar katifa.

Na kai wa Malam labari a ɗakinsa. Ya saurara idonsa a rufe. Da na zo wurin Hajiya da yatsa, ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya daɗe yana haɗa kalma, sannan ya ce, "Ban... gwada... ba." Da na tashi tafiya ya riƙe bakin hijabina da hannun hagu, ya tambaye ni gida, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi shago, kowace tambaya da hutunta. Ban taɓa tsayuwa gaisuwa da shi haka ba.

Bai dawo shago ba har yau. Mama Rifkatu tana nan bayan GRA, zabinta sun dami maƙwabta da kuka. Ni kuma tun daga shekarar akwai gwajin da ba na barin allo ya fita sai ya ci shi, ko na famfo ne ko na inbata. Ɗaliban da suka taɓa shigowa da sassafe sun gan ni ina yi, na kuma san abin da suke faɗa a bayana. In na gama komai, sai in ɗora yatsa a kan madanni, in juya wajen kujerar Malam, in fara. Ina kwana. Lafiya lau. Ina gajiya. Ba gajiya. Ya gida, ya yara, ya muka ji da haƙuri. Ni ke tambaya, ni ke amsawa, ina gyaɗa kai ina rusunawa yadda ake yi, ba na tsallake ko ɗaya. Sai na kai amin ta ƙarshe nake ɗaga yatsa, in duba ko ayisi ya san hanyar komawa.